Hamida da Tsamiyar Masallacin Gesse

Kullum da safe Malama Hamida takan sauka daga kan babur a Nasarawa, ta yaye zanen da ta lulluɓe kwamfuta da shi, ta yi bisimilla. Wurin aikinta ofishin zanen gidaje ne ƙarami. Ga shi ta yi ritaya, amma har yau in ka ce in faɗi aikinta, sai in sosa ƙeya.

Ga iyakar abin da na gane. Lokacin da jihar Kebbi take sabuwa, mai ofishin ya zana unguwa guda cikin kwamfuta, irin zanen da ake juyawa a ga gaba da baya da sama. Gidaje, kwalbati, masallaci, duk a fayil ɗaya, har injin ya riƙa sumewa. Ita ce mai zaɓo kowane abu ta kai shi fayil nasa, a buga wa kafinta ƙofofinsa, magini gininsa. Na taɓa tambayarta ko gidan da ta cire ya bar rami. Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa da gaske nake.

Ummaru magini, mutumin Argungu, ya fi ni ruɗewa. An ba shi zanen masallacin wata unguwa a Gesse, sai ga tsamiya tsaye a gabansa. A filin ma akwai tsamiyar, har ya sa a nemo gatari don ta tare masa wurin sauke bulo, ya kuma ja igiyar tushe daidai da titi. Zanen ya hana shi sakat, ya zo ofis.

"Ɗiyata, wanga icce fa? Shi ma mu ka gina shi?"

"Baba, masallaci ba ya fita shi ɗai," in ji Hamida. "In nic cire shi babu maƙwabci, wa ka sanin inda yad dosa? Inda liman ka tsayawa, tsamiya yaka kallo. Can alƙibla take."

Ummaru ya ce, "To titi fa?"

"Titi ba ya salla, Baba."

Ya koma ya tuge turakunsa, ya mayar da gatari. Da ya bi titi, da jama'a sun yi ta salla a karkace ba su sani ba.

Hamida, ke ce mai raba kaya ba ki raba su da gabas ba. Ban san abin da kike dannawa ba, kuma na haƙura. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa, in za ku cire abu daga cikin 'yan'uwansa, ku tambayi inda yake fuskanta.

Jiya a masallacin na yi la'asar. Da liman ya sallame na ɗaga kai, ta taga sai ga tsamiya daidai gabana.