Tutar Wana

Shekarar da aka kawo jirgi mai saukar ungulu don yi wa auduga feshi a Abu Na'ama, ni da wana aka ɗauka riƙon tuta. Ina wannan bakin gona, yana wancan, matuƙi yana bi tsakaninmu. Doka ɗaya shugaban aiki ya ba mu: mai tuta ba ya gusawa sai jirgi ya wuce ta kansa. Wana mutum ne mai riƙe magana. Magani ya sha jiƙa shi sharkaf, ko sunkuyawa bai taɓa yi ba.

Wata safiya jirgin ya tashi daga wajena ya nufe shi. Sai na ga ƙaramar farfelar wutsiya ta tsaya. Jirgin ya kama juyi kamar mazari. Matuƙin ya kashe inji, juyin ya ragu, jirgin ya yo ƙasa.

Na yar da tutata, ina gudu ina ihu: "Yaya, kauce! Ya lalace!"

Gonar doguwa ce, muryata ba ta kai ba. Ya hango ni, ya yi mini hannu in koma wurina. Sannan ya ƙara ɗaga tutarsa don matuƙi ya gan shi sosai.

Matuƙin ya tsira da karyayyar ƙafa. Ya ce idan farfelar baya ta mutu, sai dai ka kashe inji, ka sauka inda jirgi ya kai ka. Yana faɗa yana kuka.

Mun binne wana bayan azahar. Da aka kawo wani jirgin na koma riƙon tuta, domin 'ya'yansa suna hannuna. Amma ni, da ƙarar inji ta sauya, gudu nake yi.