Baballe Mai Kalangu da Taken Mu'azu

A shekarar da soja suka koma bariki, babu mahaucin da ke layin nama na Agege da zai ce bai san Baballe ba. Mutumin Ƙaura ne, siriri, mai saurin fushi da jinkirin hucewa. Ya sauka Legas a bayan motar shanu da kalangu a hammata, ko takalmi na biyu ba shi da shi. Sana'arsa ɗaya ce. Da hantsi, in an gama fiɗa an baje nama, sai ya bi tebur-tebur yana kaɗa wa kowane mahauci takensa. In ya kaɗa ya kai wani wuri sai ya ɗauke hannu ya bar gurbi, mai taken ya buga wuƙa a kan tebur ya yi kirarinsa, sannan ya yanko tsoka ya jefa masa a jaka. Naman da ya tara shi yake sayar wa masu tuwo a bakin tasha, da shi yake ci yake sutura.

Cikin mahautan duka, Mu'azu ne amininsa. Ƙato ne ɗan Funtuwa, in ya buɗe baki har bakin titin dogo ana jin sa. Da Baballe ya bar masa gurbi sai ya daka tsawa: "Sai ni Mu'azu, wuƙata ba ta kwana da yunwa!" Har matan Yarabawa masu sayen nama sun haddace, suna taya shi.

Mu'azu ne ya fara faɗin abin da Baballe ya ƙi gani. Bikin Agege ya koma na lasifika da kaset ɗin fiyano, samari ko juyowa ba sa yi in sun ji kalangu.

"Abokina, tsoka ba za ta riƙe ka har tsufa ba," in ji shi. "Ka yi kaset, a ji ka a Kano, a riƙa kiran ka wasa. In ba haka ba, wata rana dakon nama za ka koma."

Maganar dako ta dami Baballe, don ba abin da yake tsoro irin ya ajiye kalangu. Mahauta suka yi karo-karo, a ƙarshen 1999 su biyu suka shiga danfo, motar hayar Legas, sai unguwar Oshodi, wurin wani mai ɗaukar waƙa a saman bene, Fredrick, mutumin Filato.

Aka sa Baballe a wani ɗan ɗaki shi kaɗai, aka ɗora masa abin ji a kunne, aka ce ya fara. Ya dubi bango, bango ya dube shi. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa fuskoki kiɗa, sai ga hannunsa ya ƙi motsi.

"Oga, yaya ne? Lokaci yana tafiya fa," in ji Fredrick ta bayan gilashi.

Mu'azu ya banke ƙofa ya shiga ya tsaya a gabansa. "Kai, dube ni! Nan kasuwa ce."

Shi ke nan. Baballe ya kaɗa taken amininsa, Mu'azu ya buga tafin hannu a benci ya amsa. Daga nan makaɗin ya yi abin da ya iya kawai: ya bi layin nama a ransa daga teburin farko har na ƙarshe, take arba'in da ɗaya, gaba da bayan kaset. Mu'azu ne yake amsa wa kowa, yana kwaikwayon muryoyinsu, har da in'inar wani tsoho, Fredrick yana riƙe ciki don dariya. Baballe bai taɓa jin daɗin yini irin na ranar ba.

Dillalin kaset na farko da suka kai wa ya saurara minti biyu ya kashe. "Malam, wa zai sayi sunayen mahautan Agege a Kano? Ba soyayya, ba fiyano." Na biyu da na uku ma haka suka ce.

Tun ranar ɗauka, kwafi ɗaya Fredrick ya ba Baballe, ya ce ya dawo ya karɓi uwar, wato babban zaren da ake kwafar sauran daga jikinsa. Da dillalai suka ƙi, Baballe ya yi zuciya, ya rantse ba zai ƙara taka benen nan ba. A ganinsa kaset kaset ne, tunda ga ɗaya a aljihu, me zai yi da wata uwa? Wauta ce tsagwaronta, amma ko Mu'azu bai iya tanƙwara shi ba.

A watan Oktoban 2000 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Legas. Mu'azu ya fita kwata da safe ɗauko nama, gawarsa aka dawo da ita. Mahauta da yawa suka kwashe iyali suka yi Arewa. Da kasuwa ta sake buɗewa, rabin teburan baƙi ne a kansu, ba su da take, ba su kuma san me ake yi da gurbi ba.

Sai ga kaset ɗin da aka raina ya zama abin nema. Kullum da la'asar tsoffin mahauta su taru wurin mai shayi a sa shi a rediyo, su yi dariya, su share hawaye. Baballe yana zama a gefe kansa a sunkuye, yana jin amininsa yana tsawa. Wata rana ana cikin ji murya ta yi lanƙwasa ta tsaya. Rediyo ta cinye zaren. Suka ciro shi a cukurkuɗe, ya tsinke wuri huɗu, ba abin da ya ɗauru.

Washegari Baballe ya hau benen da ya rantse ba zai taka ba. Fredrick ya gane shi, ya tambaya ina ƙaton nan mai ban dariya. Da ya ji labari sai ya dafe kai.

"Oga, shekara guda cur na ajiye maka. Watan jiya na ɗauki mawaƙan coci a kai. Zare yana tsada, ni kuma na ɗauka ba ka so."

Baballe bai zage shi ba, don ya san mai laifin. Ya juya ya sauko.

Bayan mako biyu Mariamu, matar Mu'azu, ta fita takaba. Ta zo har ƙofar ɗakin Baballe ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce gobe za ta koma Funtuwa da yara.

"Malam Baballe, an ce muryarsa tana cikin kaset ɗinka. Ka taimaka mini da ɗaya. Ƙaramar ba za ta tuna shi ba."

Da ƙyar ya gaya mata yadda aka yi, bai ɓoye nasa laifin ba. Ta ce, "To, ka kaɗa mini takensa."

Ya shiga ya ɗauko kalangu, ya matse shi a hammata ya fara. Hannun bai manta komai ba. Da ya kai wurin, sai ya ɗauke hannu kamar yadda ya saba, ya bar gurbi. Danfo ya wuce a titi, yaron mota yana kiran Oshodi. Mariamu ta ja mayafi ta rufe fuska. Baballe ya tsaya da hannu a sama yana jira, ya kasa sauke shi a kan fata.

Da safe ya raka su tasha. Daga can ya wuce kwata, ya tambaya ko ana neman ɗan dako.