Zabuwar Barira, Waƙar Kubura

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Kubura ta Tsibiri a faɗa, kuma zabuwa ce ta kayar da ita. Ita da maƙwabciyarta Barira suka riƙo tsuntsuwa ɗaya, wannan ƙafa, waccan fiffike, har gaban mai gari. Mai gari ya ce a sake ta da yamma, duk gidan da ta shiga nan ne gidansu. Zabuwa, marar kunya, ta dubi Kubura tsaf, ta faɗa gidan Barira. Ashe mako biyu Barira na watsa mata gero ta bayan danga.

Kubura ta koma gida hannu wofi. Amma da aka tashi daɓen ɗakin wata amarya, mata sun durƙusa da madaɓai suna dukan ƙasa don ta yi sumul, sai aka ji sabuwar waƙa ta ɓullo:

"Mai gero a haɓar zane,
Zabbin gari sun san ki,
Tukunyarki da nama, kasuwa ba ta gan ki ba."

Kafin damina waƙar ta kai Bakura. 'Ya'yan Barira, Jibo da Abdu, mahauta kuma 'yan dambe, suka yi ta neman wanda ya ƙago ta. Da suka zo wurin Kubura sai ta dafe ƙirji. "Ni? A bakin mata na ji." Haka kuwa aka tarar, waƙar daɓe ba ta da uwa ba ta da uba, kowa ya iya ya ɗauka. Shekara talatin Kubura na fake a bayan wannan al'ada.

Siminti ya zo ya kashe daɓe. Da aka zo auren jikarta Zakiyya, Kubura ta kafe sai an yi, ko sau ɗaya, a ɗauka a waya a sa a intanet, don muryarta ta saura bayan ranta. Aka yi, Kubura ta rera waƙar mai gero, aka sa. Kwana biyu sai ga bidiyon ba sauti, tsohuwa na wangale baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

"Wa ya shaƙe ni?" in ji ta.

Zakiyya ta karanta mata saƙon da ya shigo wayar: waƙar mallakar wani Murtala Mai Fiyano ce, na Talata Mafara. Shi dai ya ji ta a wani biki a Maradun, ya ɗora mata kiɗan na'ura, ya yi rajista da sunansa. Na'urar tsaron haƙƙin mallaka kuwa ba ta san tsohuwa ba, ba ta san ɓarawo ba, wanda ya riga kai takarda shi ne mai abu. Hukuncin zabuwa ke nan, wanda ya watsa gero shi ke da ita.

Kubura ta kai ƙara. Murtala ya zo ƙofar mai gari da baƙin gilashi da takarda a leda, gari ya taru.

"Inna, ba ni son ja-in-ja da ke," in ji shi. "Doka ce. In an bar kowa shina rera kayan mutane, mu mi za mu ci?"

"Gaskiyarka, ɗan nan. In ka cire hannunka, muryata za ta dawo?"

"Za ta dawo. Amma ba ni cirewa."

"Kai ka yi ta, ko tsinta ka yi?"

"Ni na yi."

"Har da mai gero a haɓar zane?"

"Kowace kalma, Inna. Daga kaina ta fito."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

Murtala ya ɗaga, har da buga ƙirji. Nan Kubura ta juya wajen taro, inda Jibo da Abdu suke tsaye, sun baro rumfa ko hannu ba su wanke ba. Barira na zaune a tsakaninsu, ba haƙori ko ɗaya, amma ba ta manta komai ba.

Murtala ya bi idon tsohuwa, ya ga damatsa huɗu, ya soma laluben wayarsa.

"Alhamdu lillahi," in ji Kubura. "Jibo, Abdu, shekara talatin kuna neman wanda ya zagi uwarku. To ga shi nan, har da takarda."