Mu Tambayi Makulli

Duk wanda ya san Malam Buba Direba ya san makullin nan. Makullin mota ne na tsohon yayi, ɗaure da jan zare da gumi ya mayar baƙi. Motar ta daɗe da zama akurkin kaji a bayan gidansa na Orozo, amma makullin bai taɓa barin aljihun gaban rigarsa ba. Idan ka kawo masa maganin ciwon baya, ba zai yi maka musu ba, ba kuma zai gode maka ba tukuna. Zai sha, ko ya shafa, ya jira kwana uku, sannan ya tara shaidu a ƙofar masallaci, ya zaro makullin ya sake shi ƙasa, ƙwal!

"To, jama'a, mu tambayi makulli."

Sai ya fara sunkuyawa a hankali, hannu ɗaya dafe da kwankwaso, ɗayan yana lalube. In yatsa ya taɓa, magani ya ci. In bai taɓa ba, ya ɗago ya dubi mai maganin ya ce, "Ni ban ce komai ba. Makulli ne ya ce ƙarya kake." Kuma kai mai maganin, kai za ka duƙa ka ɗauko masa.

Kun sani ni na fi kowa ɗauko makullin nan. Ni Babarbare ne, shi Bafulatani, tsakaninmu kuwa babu gaisuwa sai zolaya. Ranar da muka fara haɗuwa a bakin kasuwar Wuse, fiye da shekara talatin ke nan, na tare tasinsa mai kore da fari da kayana niƙi-niƙi. Ya ji harshena, ya leƙo ya ce, "Babarbare ne? Shiga but tare da kayan, ai duk kaya ne." Na shiga gaba. Tun daga ranar har ya ajiye tuƙi ban sake hawa motar wani ba in dai ina gari.

Fatauci ya kai ni wurare: Injamena, Kartum, Kumasi, Kwatano, Jidda. Na ji yadda ake kukan baya da Larabci, na ji da Faransanci, na ji da Yarbanci, duk nishin iri ɗaya ne. Ciwon baya ba ya neman fasfo. Kuma kowace ƙasa da rantsuwarta cewa nata maganin ne na gaskiya. Saboda haka duk tafiya sai na yi wa Buba tsaraba. Na kawo masa wani man shafawa daga Kwatano, wanda warinsa ya sa aka riƙa barin gurbin mutum biyu a kowane gefensa a sahu. Makulli ya ce a'a. Na ba shi labarin yadda na ga ana binne mutane a yashi mai zafi a Sudan, ya ce, "Ba na son a fara yi mini gwaji tun yanzu, in lokacin ya zo a yi sau ɗaya."

Wanda ba zan manta ba shi ne bel ɗin Jidda. Faffaɗan ɗamara ne mai maganaɗisu jere a ciki, mai kantin ya rantse mini har da dafa ƙirji. Buba ya ɗaura kwana uku a kan riga, yana yawo kamar ɗan dambe. Ranar gwaji aka taru bayan La'asar. Ya saki makulli. Muka kasa kunne, shiru, babu ƙwal. Muka duba ƙasa, babu komai. Ashe zoben makullin ya manne a jikin bel ɗin, yana reto a kan cibiyarsa.

Ya dubi makullin, ya dube ni, ya ce, "La'ilaha illallahu! Babarbare, har mai ba ni shaida ka ba cin hanci?"

Liman da kansa sai da ya riƙe ginshiƙi don dariya.

Mu dai dariya muke yi, amma shi ba wasa yake ba. Wata rana ina rakiyarsa gida na ce, "Buba, wai me makullin nan ya yi maka? Motar ma babu." Muka ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Modu, ranar da hannuna ya kai makulli, goshina zai kai ƙasa. Shi ke nan abin da nake nema." A lokacin shekararsa shida bai yi sujada ba. A tsaye yake sallah, ya ɗan rusuna da kai, ya zauna da ƙyar a bakin dakali don tahiya. Kujera kuwa, ko ambatonta ba ya so. Liman ya zaunar da shi ya ce, "Malam Buba, addini sauƙi ne, Allah Ya yarda ka yi a kan kujera." Ya ce, "Allah gafarta Malam, na san Allah Ya yarda. Ni ne ban yarda ba."

A gidansa kuwa kowa da ra'ayinsa. Matarsa, Hajiya Dije, ta dage a koma wurin mai ɗorin nan na wajen Karshi a kuma yi ƙaho. Babban ɗansa ya ce a yi aiki a huta. 'Yarsa Hadiza, wadda take aikin jinya tana zaune a Lugbe, ita ta kai shi asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya nuna masa yadda gurunguntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya cinye, ya ce abin bai kai ga wuƙa ba. Buba ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Ka ce shokazoba ce ta mutu. To ai da ka tambaye ni, da ba a wahalar da inji ba."

Hadiza ce ta kawo maganar wani mai gyaran baya da hannu a Wuse, irin waɗanda Turawa ke kira kairofirakta. Na taɓa ganin aikinsu a Jidda, saboda haka aka ce ni zan raka shi. Tun daga mararrabar Nyanya har muka isa yana koya wa direban tasinmu tuƙi. "Kai, yaro, rami ba gadon ubanka ba ne da za ka faɗa masa haka!"

Mai gyaran bayan saurayi ne, ɗan wajen Filato, sunansa Dokta Yohanna. Ya karɓi hoton asibitin ya duba da kyau, ya yi ta tambayoyi, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana ƙin riƙuwa. Buba ya gaji ya katse shi.

"Ɗana, bar dogon zance. Za ka warkar da ni?"

"A'a, Baba. Warkewa kam ba zan yi maka alkawari ba. Wasu yana rage musu ciwo, wasu ba ya yi musu komai. Mu gwada sau kaɗan, in babu canji mu bari."

Buba ya juyo gare ni, baki buɗe. "Modu, ka ji? Yaron nan bai iya sana'a ba. Shekara nawa ina bin masu magani, yau na fara gamuwa da wanda ya ce ba zai iya ba. Riƙe mini hula, kwantawa zan yi."

Gadon yana da rami a wajen kai. Ya tsaya ya ce, "Wannan fa?" Dokta ya ce, "Nan za ka sa fuska, Baba." Ya ce, "To, in na mutu aƙalla ina kallon inda za ni." Aka danna nan, aka matsa can, sannan aka juya shi gefe, aka naɗe masa ƙafa ɗaya, Dokta ya ce ya saki numfashi. Sai muka ji ƙas!

"Innalillahi! Modu, ka shaida, ya karya ni!"

"Ban karya ka ba, Baba, iska ce kawai a gaɓa."

"Iska? Yaro, shekara talatin ina tuƙi. Duk motar da ta yi wannan ƙara, gareji za ta, ba daga gareji ta fito ba!"

Ya sauko yana mita. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, sai mitar ta tsaya. Ya sa hannu a aljihu. Dokta bai san al'adar ba, da makulli ya faɗi kan tayil ya yi wuf zai ɗauko, na riƙe masa hannu. Buba ya sunkuya, ya sunkuya. Sai ga shi ya ɗago da jan zaren nan a tsakanin yatsu biyu. Mutumin da ko a jana'iza sai ya sami abin faɗa, ranar har muka iso Orozo bai gyara wa direba tuƙi ba.

Da Magariba, bayan an idar, ya tashi nafila. Ya yi ruku'u, ya sauka a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa, goshi ya taɓa tabarma. Ya daɗe. Mutane suka fara duban juna. Na matsa na taɓa kafaɗarsa bayan ya sallame ya sake kifa kai, na ce, "Buba, lafiya? Ko ka tafi ne?" Ya ce daga can ƙasa, "Ƙyale ni, Babarbare. Shekara shida ban gaisa da ƙasa ba, muna da zance."

Kwana tara abin ya yi, ciwo ya dawo. Muka koma, ya sami wasu 'yan kwanaki, ya sake dawowa. A zuwa na huɗu Dokta ya ce masa hannu shi kaɗai ba zai riƙe ba, sai ya riƙa tafiyar ƙafa kullum, ya kuma yi motsa jikin da aka zana masa a wata takarda. Buba ya dubi zanen ya ce, "Ni? Da jikokina? In durƙusa hannu da gwiwa in gantsare kamar kyanwa ta ga kare? Ɗana, ka bar ni da ciwona, ya fi mutunci." Ya ninke takardar ya ce zai kunna wuta da ita.

Bayan mako biyu, da hantsi, sai ga Mama Saratu, maƙwabciyarsa 'yar Kafanchan da gonarta ke jikin tasa, ta shigo mini a guje ko takalmi babu. "Alhaji, zo, zo! Baba Buba ya faɗi a cikin masara, yana ta miƙewa yana lanƙwashewa!" Na bi ta ina salati. Muka kutsa cikin masara, sai ga Buba a kan buzunsa, hannu da gwiwa, baya a gantsare, takardar Dokta a gabansa an danne ta da dutse.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ake yi?"

Ko gezau. Ya ce, "Makullina nake nema."

"Ga zarensa nan yana leƙe daga aljihunka."

"To ai ka ga dalilin da ya sa ban same shi ba."

Mama Saratu ta zauna daɓas a kunya tana dariya har da hawaye. Ya roƙe ta kada ta gaya wa Hajiya Dije. Ta yi alkawari. Kafin Azahar har masu acaɓan bakin titi sun ji.

Yanzu Buba ya riga mu gidan gaskiya. Tun da ya rasu mutane suna tare ni suna tambaya, wai gyaran hannun nan yana aiki? Ni dai abin da na gani zan faɗa. Na ga hannun Dokta ya ba shi kwanaki. Na ga motsa jikin cikin masara da tafiyar safe zuwa bakin rafi sun ba shi kusan shekara biyu yana sujada, yau da daɗi gobe babu. Akwai kuma ƙwayoyin da Hadiza ke tsare shi ya sha. Wanne ya fi, Allah masani. Na ga wanda ya je wurin Doktan nan bai ji komai ba sai ƙarar. Shi dai Buba hukuncinsa guda ne: "Yaron ya buɗe ƙofa, kyanwa ce ta riƙe ta."

Daga baya shekaru suka yi nasu aikin. Makulli ya koma faɗuwa ba mai ɗagowa sai ni. Wata Juma'a muka ga an turo baro ƙofar masallaci, a ciki kujerar direba ce ta tsohuwar tasinsa, an kwance ta, an kakkaɓe gashin kaji, an kafa mata ƙafafun katako. Liman ya ce, "Malam Buba, ga kujerun roba nan fa." Ya ce, "A'a, Malam. Wannan ita ta cinye mini baya, ita za ta ɗauke ni." Ya zauna a ƙarshen sahu, wajen taga. Duk sanda muka tafi sujada, in na saci kallo, sai in ga ya miƙa hannun dama ƙasa iyakar iyawarsa, yatsu suna neman tabarma.

Ranar sadakar uku Hajiya Dije ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini abu daga bayan labule ta ce, "Ya ce a ba bawansa Babarbare. Wai ka fi kowa sanin nauyinsa."

Yanzu ni ma bayana ya fara magana. Jiya da safe na rufe ɗaki, na saki makullin, ƙwal. Na sunkuya na taɓa shi, da ƙyar. Na ɗago da murna zan yi gori, sai na ga ba wanda zan yi wa. Kujerar tana nan wajen taga, ba wanda ya zauna a kanta, ba kuma wanda ya yarda a fitar da ita.

Allah Ya jiƙan Buba, Ya sa ciwon nan ya zame masa kaffara. Ya Allah, Ka ga hannun nan da yake miƙawa, Ka rubuta masa kowace miƙa a matsayin cikakkiyar sujada. Ka shimfiɗa masa kabarinsa ya yi laushi, Ka tashe shi da miƙaƙƙen baya. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka kuma haɗa ni da shi, ko da a but zai ce in shiga. Amin.