Kawuna da Rikodarsa a Shinaka

Jiya a kasuwar Wurno warin albasa ya buge ni, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Manomin albasa ne kafin ya zama wakilin gidan rediyo, kuma warin bai taɓa barin rigarsa ba. Labaran ƙauyuka da rugage yake ɗaukowa, da Hausa da Fillanci. Ba ya yi wa mutum tambaya a tsaye, sai ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa.

Na taɓa kai shi Shinaka bisa babur bayan wani hari. Muka tarar da wata tsohuwa tana tsintar gero cikin tokar rumbunta, ƙauri ya cika gidan. Ya miƙa mata rikoda.

"Mi za ni ce, Malam? Bara ma na hwaɗi. Wa ya zo?"

Kawu ya kashe rikodar, ya durƙusa yana taya ta tsinta. A hanya ya ce mini, "Na gaji da kwasar kukan mutane ina kaiwa inda ba a ji."

Ya rasu hare-haren ba su tsaya ba, yanzu ko mai zuwa tambaya babu.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Mu da muka saura, Allah ya ji kukanmu.