Ranar da Na Ce Jitar Ba Tawa Ba Ce

Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Misfala aka yanke mini cibiya. A shekarun alif ɗari tara da sittin ina saurayi, ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa da ke unguwar Mansur. Wajen gwada rediyon mutane nakan kamo tashoshin nesa, a nan kunnena ya fara cin karo da kiɗan Turawa mai kukan jita, ya shiga raina ya hana ni sukuni. Da na je Jidda sayen kayan aiki, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya sayar mini da tsohuwar jita mai aiki da lantarki. Cikin bargo na naɗo ta, domin a lokacin ba a yarda a ga kayan kiɗa a fili ba.

Ban iya komai da ita ba sai da na nuna wa maƙwabcinmu, wani mutumin Damagaram da nake kira Yaya. Da ƙafa ya zo aikin Hajji, ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, yana sayar da ruwa a garwa. Ashe a gida makaɗin gurmi ne. Ya juya ta, ya ɗaure tsirkiyoyin yadda ya ga dama, ya fitar da wani sauti da ya sa tsikar jikina ta tashi. Kusan shekara yana koya mini a ɗakinsa bayan la'asar, a hankali, ba tare da mun haɗa ta da wuta ba, matarsa tana dafa mana shayi.

Ni kuwa ƙarar da nake ji a rediyo nake so. Na kwance wata babbar rediyo, na haɗa wayoyi yadda sautin jitar zai fito ta cikinta, na kinkimo ta zuwa ɗakinsa, saboda mahaifina ba zai lamunta a gidanmu ba. Yaya ya roƙe ni da girman Allah in bari, ya ce ni ɗan gari ne mai takarda, shi kuwa ko tari ya yi da ƙarfi sai ya waiga. Na yi dariya, na ce sau ɗaya tak. Na murɗa rediyon har ƙarshe na kaɗa jitar, har kofunan shayi suka yi rawa a faranti. Daɗin da na ji bai bar ni na tsaya ba.

Ba a daɗe ba askarawa biyu suka buga ƙofa, tare da wani dattijon unguwa. Suka tambaya wane ne mai jitar. Na tuna fuskar mahaifina, sai na ji bakina yana cewa da Larabci ni gyaran rediyo kawai na zo yi. Yaya ya dube ni, bai ƙaryata ni ba. Ya ce wa matarsa, wadda ke da tsohon ciki, ta ajiye masa garwarsa zai dawo. Da aka nemi takardunsa babu, aka wuce da shi Jidda, daga baya muka ji an sa shi a jirgin ruwa an tsallakar da shi. Har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa, ko a Damagaram.

Na bar gari na tafi Bairut, na shiga ƙungiyar makaɗa, na yi 'yan shekaru ana tafa mini. Abin da ake yabo a hannuna, wai salon da ba a taɓa ji ba, nasa ne. Duk sanda na kaɗa sai in ga kamar yana tsaye a bayan jama'a yana dubana. Daga ƙarshe na ajiye kiɗan na dawo. 'Yar da matarsa ta haifa yanzu tana da jikoki, in mun haɗu takan gaishe ni da Ammi, wato baffa, a matsayin aminin mahaifinta. Ban taɓa iya gaya mata ba.

Na tsufa ina istigfari, amma na san haƙƙin mutum sai shi ya yafe, ni kuma ban san inda kabarinsa yake ba. Ina jan kunnen matasa, in wanda ya fi ku rauni ya ce ku bari, to ku bari, shi ya san abin da yake tsoro. In kuma ta ɓaci, ku amsa laifinku nan take. Da na amsa nawa, bulala ce da faɗan uba, da tuni na manta.