Kabar Gonar Baba

A gidanmu na Madarunfa tatsuniya ba ta hana aiki. Lokacin sanyi, da an ci tuwo, sai a hura karan gero a tsakar gida, Kaka Hajo, mahaifiyar Baba, ta jawo damin kabarta. Bakinta na labari, yatsunta na saƙar tabarma, mu kuma muna tsaga mata ganye. Wanda ya fara gyangyaɗi ta zungure shi da tsinke ta ce, "Ka ci tuwona, ka yi mini barci?"

A shekarar da nake tunawa, Baba ya ƙudura zai tone kututturan kabar da ke gonarmu ta hanyar Safo, wai sun cinye masa wurin gero. Da wannan kabar yayyena, Sani da Habu, suke tufka igiya da saƙa mangala duk rani. Kaka ta ji, amma ba ta yi masa faɗa gaban ƴaƴansa. Sai ta jira ranar da ya zo jin ɗumi, ta ce, "Ga ta nan ta taho, ku matso da kunnuwa."

Ta ce akwai wani gari bisa tudu, duk duwatsu, geronsu ba ya kai su tsakiyar rani. Kaba ce ke riƙe su. Mata na saƙa tabarma da faifai, maza na tufka igiya, ba mai tafiya cin rani. Dokarsu guda ce: in za ka yanki kaba, ka bar tsawon tafin hannu sama da zuciyarta, don ta sake toho.

Ran nan wani falke ya zo ya ce shi tabarma fara tas yake so, wadda aka saƙa da gindin sabon ganye, can ƙasa inda rana ba ta taɓa gani ba. Mutane suka shiga zura lauje har cikin zuciyar. Tabarmi suka yi kyau ƙwarai, falke ya labta wa jakunansa ya tafi. Damina ta sauka, kaba ba ta toho ba. Da aka gama girbi samari suka rasa abin yi, sai suka riƙa gangarawa daga tudun ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Kaka, sun dawo?"

Ta ce, "Gaisuwarsu dai tana dawowa."

Baba ya yi dariya. "Inna, da ni ake ke nan?"

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Ni da yara nake. Wani ya tsargu ne?"

Ya tone kabar. Gero kuwa ya ƙaru, wannan ba a musu. Amma da aka cika rumbu, Sani da Habu suka wayi gari ba abin da za su taɓa da hannu. Suka bi ta Ɗan Issa suka ƙetara iyaka zuwa Najeriya. Habu yana dawowa duk damina. Sani ya samu aikin gadi a Legas ya zauna, har Kaka ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau.

Na daɗe ina zaton labarin kwaɗayi ta ba mu. Sai da na girma na ga matan unguwarmu suna matse man gyaɗa, suna toya ƙuli-ƙuli, maƙeri yana ta bugu, na gane abin da take nufi. Gona ta damina ce. Sauran watannin, ɗan aikin hannu ne ke zaunar da mutum gida.

Baba ya tsufa yanzu, ba ya gani sosai. Da Sallar bara Sani ya bugo waya, na kanga masa a kunne. Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Yaushe za ka komo gida?"

Ina jin muryar Sani ƙasa-ƙasa. "Baba, in zo in yi mi?"

 Baba ya ture hannuna a hankali ya ce, "Amshi, ku gaisa."